Cikin birni ko garin da ke gefensa: amsa ga ɗan'uwan da ke shirin tashi

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa domin ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kai da maiɗakinka da yara uku kuna cikin ɗaki biyu da falo a tsakiyar birni, mai gida ya ƙara haya, sai aka nuna maka gida mai ɗaki huɗu da tsakar gida a wani gari mai nisan kilomita 35, rabinsa gonaki rabinsa sababbin gine-gine, a kan kusan rabin abin da kake biya. Aikinka yana cikin birni kwana biyar a mako, kuma yanzu minti 20 ke kai ka. Kana son sanin wanne ya fi. Na zauna a duka biyun, shekara tara a ciki, shida a waje, don haka zan jera maka su gefe da gefe yadda na gan su.

Bari in fara da inda garin gefe ya yi wa birni fintinkau, don kada a ce na ɓata shi. Fili ne na farko. A birni yaro yana tashi tsakanin bango huɗu da bakin titi, uwarsa na ta yi masa tsawa kada ya fita. A can kuwa ƙofa kawai za a buɗe masa. Za ka samu inda za ka shanya kaya, inda za ka dasa bishiya, da ɗakin da baƙo zai kwana ba tare da an tashi yara an kai su falo ba. Sai sanyin dare. Siminti da kwalta suna shan zafin rana, idan dare ya yi su riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa tsakiyar birni ba ya hucewa da wuri. Tun 1818 wani Bature mai suna Luke Howard ya auna wannan a Landan, ya ga dare a cikin birni ya fi na karkarar da ke kewaye ɗumi. Ga kuma shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar motoci da dare ta wuce desibel 45 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) saboda barci. Duk wanda tagarsa ke kallon babban titi ya san ba a zancen wannan a wurinsa. Makon farko da na koma waje har kasa barci na yi, kunnena yana ta neman hayaniyar da ya saba da ita.

To, a nan daɗin ya tsaya, lissafi ya fara. Arahar gidan nan ba kyauta aka yi maka ba. Tun 1826 wani manomi Bajamushe, von Thünen, ya nuna cewa darajar ƙasa tana raguwa gwargwadon nisanta da kasuwa, domin kuɗin kai kaya ne ke cinye bambancin. A 1964 wani masani, William Alonso, ya ɗora wannan tunani a kan gidajen birni. A taƙaice, abin da mai gida ya rage maka hanya ce za ta karɓa, wani da kuɗi, wani da lokaci. Abin da za ka bincika shi ne ko za ta karɓi ƙasa da abin da aka rage maka, ko fiye.

Ɗauki biro mu yi tare. Dillali zai ce maka minti 30 ne kacal, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai da yammacin ranar hutu ya auna. Irin waɗannan garuruwa yawanci ta hanya ɗaya ko biyu ake shiga birni daga cikinsu, kowa kuma ƙarfe bakwai yake fita, sai a haɗu a gada ɗaya ko shataletale ɗaya a yi ta rarrafe. Mu ce awa ɗaya da minti 10 za ka riƙa yi. Ka ga an ƙara maka minti 50 zuwa, 50 dawowa, wato minti 100 kullum, 500 a mako. A mako 48 na aiki ya zama awa 400. Idan ka raba da awa takwas ta yinin aiki, kwana 50 ke nan a shekara kana zaune a mota, ba wanda zai biya ka su. Ta fuskar mai kuwa, kilomita 70 ne a rana, 16,800 a shekara. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 1,344, ban da taya da birki da juyen baƙin mai da kuma ranar da za ta kwana wurin bakanike. Ka ninka wannan da farashin lita a inda kake, ka ɗebe abin da kake kashewa yanzu, ka ajiye sauran kusa da rarar hayar. Idan motar haya za ka riƙa hawa, ka lissafa hawa nawa ne kafin ka isa, ka kuma tambaya ƙarfe nawa ta ƙarshe ke tashi da dare.

Kuɗi ma mai sauƙi ne, jiki ne ba ya yafewa. A 1994 wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi bayanin cewa mutane tun zamanin tafiyar ƙasa har zuwa na jirgi da mota kusan awa ɗaya suke warewa a rana don zuwa da dawowa, kuma birane suna faɗaɗa ne daidai nisan da wannan awa ke iya kai mutum. Kai za ka ninka ta ne har da ɗori. Wasu masana tattalin arziki biyu 'yan Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun duba bayanan mutanen Jamus, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi nuna rashin gamsuwa da rayuwarsu, wato babban gida ko albashin bai cika rama musu abin da hanya ta ci ba. Ni ban buƙaci Turawa su faɗa mini ba. Akwai shekarar da nake fita ƙaramar 'yata tana barci, in dawo tana barci. Tsakar gidan da na tashi dominta, a ƙarshen mako kawai nake ganinta da hasken rana.

Sai abin da maza suka fi mantawa: mota ɗaya ce, kuma kai ne za ka tafi da ita. A birni maiɗakinka tana fita ƙofa ta samu abin hawa, kasuwa kusa, 'yan'uwanta kusa. A can idan ka fita da asuba ka bar ta da yara da ƙafafunta. Idan tana da aiki ko sana'ar da masu sayenta ke cikin birni, lissafin hanyar nan sau biyu za ka yi shi. Ka zauna da ita tun yanzu, domin ita ce za ta yi zaman garin, kai kwana kawai za ka riƙa zuwa yi.

Ruwa da wuta da shara kuwa, bambancin a wurin wanda ke ɗaukar nauyinsu yake. A birni komai lalacewarsu akwai hukumar da za ka kai wa ƙara, akwai kuma mutane da yawa da za su yi ƙorafi tare da kai. A gefen gari sau da yawa kai ne hukumar kanka: rijiyar burtsatse taka ce, famfonta idan ya ƙone naka ne, ramin shadda kai za ka kira a kwashe, sola ko janareto daga aljihunka. Wani yana jin daɗin wannan, ya ce ya huta da jiran kowa, kuma yana da gaskiya idan yana da abin kashewa a farko. Abu guda dai ka duba da idonka: tazarar rijiya da ramin bayan gida, naka da na maƙwabcinka. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabtar ruwa suka fi amfani da ita ita ce aƙalla mita 30. A filayen da aka yanka ƙanana ba kowa ke cika ta ba, ruwan kuma zai fito garau, ba za ka ga komai da ido ba.

Asibiti ba ya son dogon bayani. Ƙaramin asibitin garin zai iya da zazzaɓi da rauni da allurar yara. Haihuwar da ta zo da gardama ko numfashin tsoho da ya sarƙe ƙarfe biyun dare, sai babban asibitin birni, kuma kilomita 35 ɗin nan za su zama kamar 100. Idan akwai mai ciki ko mai ciwon da ke tashi ba sallama a gidanka, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da sikeli. Makaranta ma haka: ta ƙananan yara ba ta wuya, idan sun girma ne za ka ga ko ka haƙura da wadda ke kusa, ko su bi ka cikin cunkoso kullum.

Zaman mutane kuma kowanne da nasa. A birni za ka shekara ba ka san sunan na ɗakin sama ba, ba mai sa maka ido, ba kuma mai neman ka. A can cikin wata guda an san motarka, an san lokacin dawowarka, an san ranar da ka yi baƙi. Idan ka yi tafiya akwai mai duba maka gida, amma sirri sai ka yi da gaske. Ka kuma sani mutane iri biyu za ka tarar: 'yan asalin garin da ke noma da kiwo tun kakanni, da baƙi irinka da suka zo neman fili. Warin taki, hayaƙin ƙona gona, akuyar da za ta cinye maka shuka, duk suna cikin cinikin. Na sha ganin wanda ya gudo daga birni don yana son karkara, ya zo yana faɗa da carar zakara. Abokanka na birni kuwa za su zo ganin gida a watan farko, su yaba iska, daga nan sai dai a waya.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina: garin nan gari ne mai cin gashin kansa, ko wurin kwana ne kawai? Lokacin da wani Baturen Ingila, Ebenezer Howard, ya kawo tunanin gari mai haɗa daɗin birni da na karkara, har aka fara gina Letchworth a arewacin Landan a 1903, manufarsa ita ce aiki da kasuwa da makaranta su kasance a cikin garin, kada mutane su riƙa kwarara birni kullum. Garin da yake da tsohuwar kasuwarsa da masu sana'arsa, za ka iya yin mako ba ka shiga birni ba. Wanda aka yanka gonaki aka jera gidaje kawai, ko ƙusa kake so sai ka hau titi. Ka je da hantsi ranar aiki ka gani. Idan ka tarar da shaguna a buɗe, mutane na kai da komo, gari ne. Idan ƙofofi ne a kulle sai masu gadi, ɗakin kwanan birni ne aka ajiye a nesa.

Kada kuma ka ɗauka gonar da ke bayan katangarka za ta dawwama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 zuwa 2050. Irin garin da kake dubawa shi ne inda birni ke miƙe ƙafa. Ga mai saye wannan riba ce, ƙasa za ta yi daraja. Ga wanda shiru ya kai shi, shirun na ɗan lokaci ne, kuma gidaje sukan riga titi da magudanar ruwa isowa. Shi ya sa idan ka ga fili ya yi araha fiye da na kusa da shi, ka nemi dalili, sau da yawa hanyar ruwa ce ko takardarsa ce ke da magana.

Ra'ayina a kan halin da kake ciki: da kwana biyu ko uku kake shiga birni, ko kana da damar fita kafin cunkoso, ko akwai jirgin ƙasa ko bas mai tsayayyen lokaci, da na ce ka tattara kaya. Da kwana biyar, mota ɗaya da yara ƙanana uku, ni zan fara neman unguwar da ke tsaka-tsaki, kilomita 12 ko 15, ko da ɗaki uku ne. Idan dai ranka ya riga ya kwanta da wancan gidan, ka karɓe shi haya na shekara ɗaya, kada ka saya tukuna. Kafin ka ba da ko sisi, ka nemi inda za ka kwana a garin daren Lahadi, ka fita Litinin a lokacin da za ka riƙa fita, ka dawo lokacin tashi daga aiki, ka rubuta mintocin. Ka sake zuwa bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga yadda layin yake, ka dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai shatin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ka tafi da maiɗakinka, ka bar ta ta yi hira da matan layin kai kana waje, za su faɗa mata abin da dillali ba zai faɗa maka ba.