Bring a Trailer: gwanjon da ya canza yadda nake kallon V-boot

Dillancin motoci nake yi a Kaduna, kuma Marsandi na fi sani, don a garejinta na tashi. Mahaifina ya riƙe wata farar V-boot 230E shekara da shekaru, ni ne mai wanke ta duk safiyar Juma'a. Ƙanena da ke Houston ne ya turo mini Bring a Trailer, wani shafin gwanjon motoci a intanet, ya ce, "Yaya, duba abin da ake yi da irin motar Baba." Da na buɗe sai na ga V-boot sak, sai dai kafaɗun tayoyinta sun ɗan buɗe, ta kuma ɗan durƙusa. Ana ta taya ta da kuɗin da zai sayi sabuwar mota dal a Amurka.

Ashe samfurin 500E ce. Marsandi ta ɗauko injin silinda takwas mai lita 5 na wata motarta, 500SL, ta cusa a jikin V-boot, faɗin bodin ya hana ta bin layin haɗa motoci na masana'antar Marsandi da ke Sindelfingen a Jamus, sai aka ba kamfanin Porsche aikin. A riƙa kai ta ana dawowa da ita tsakanin masana'antun biyu, kowace mota sai ta ci kwana 18 kafin ta kammala. Daga 1990 zuwa 1995 ba su wuce dubu goma da 'yan ɗaruruwa ba, aka rufe. Batirinta ma a but yake, don babu masa wuri a gaba. Tun daga ranar da na fara ganin ta, shekara uku ke nan, da wuya mako ya wuce ban leƙa shafin ba.

Tsarinsu ba shi da wahalar ganewa. Kamfanin yana San Francisco, ya fara a 2007, ya shiga gwanjo a 2014. Mai mota zai kawo ta, su tace, ba kowace suke karɓa ba. In sun karɓa sai a baje ta yawanci kwana bakwai. Mai saye ne ke biyan la'adar kashi 5 cikin 100, da iyakar da ba ta wucewa, sauran kuɗin kuma tsakaninsa da mai motar ne kai tsaye. Wasu suna ɓoye farashin da ba za su sallama ƙasa da shi ba, in tayi bai kai ba a tashi babu ciniki, kamar dai yadda muke cewa albarka. Wasu kuwa duk inda ta tsaya an sallama.

Abin da ya fi burge ni shi ne agogon. Duk wanda ya taya a cikin minti biyu na ƙarshe, sai lokacin ya koma minti biyu. Babu mai laɓewa ya fizge mota a daƙiƙar ƙarshe. Yawancin gwanjon yana ƙarewa tsakanin magariba da bayan isha'i a agogonmu, na sha zama a ƙofar gida da waya a hannu ina kallon mutum biyu suna ja, wannan ya ɗora dala ɗari biyar, wancan ya ɗora dubu, har rabin sa'a ta wuce.

Amma ainihin darajar wurin hotuna ne da bakin masana. Mota ɗaya sai ka ga hoto ɗari biyu ko fiye: ƙarƙashinta a kan abin ɗagawa, lambar shasi, ɗinkin kushin, na'urar auna kaurin fenti an ɗora ta a kowace ƙofa, rasit ɗin juyen mai tun na farko. A ƙasa kuma mutane suna yi wa mai motar tambayoyi a bainar jama'a. A kan wata 500E na ga an tsare shi da maganar wayoyin injin, domin Marsandi na farkon shekarun 1990 rufin wayoyinsu yana ruɓewa da zafi. Sai da ya ɗauko hoton takardar da ke jikin sababbin wayoyin, mai ɗauke da ranar da aka ƙera su, sannan tayi ya ci gaba. Ni da na sha ganin wannan ciwo a gareji, raina ya yi fari da na ga ba a bari an rufe shi ba.

A nan na fahimci me ake saye. A Janairun 2019 Toyota Supra ta 1994, wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce mil dubu bakwai da kaɗan ba, ta tashi a dala 121,000. A 2020 Honda Civic Si ta shekarar 2000 ta tashi a dala 50,000. Civic fa! Dalilin shi ne yawancin 'yan uwanta samari sun tsere da su, sun sauya musu inji da ƙafafu, sun kashe su. Wadda ta tsira da fentinta na asali da giyar hannu ta zama abin nema, yaran da suka yi sha'awarta a lokacin kuma yanzu su ne masu kuɗi. Marsandi 190E Evolution II, wadda 502 kawai aka yi a 1990, tana cin ɗaruruwan dubban daloli, alhali 190 ta gama-gari ita ce muka gaji da gani a titunanmu.

Wannan yana ɓata mini rai in na tuna halinmu. Mota tana shigowa, littafinta ne farkon abin da ke ɓata. Ɗan ƙarce kaɗan, a kai ta wajen mai fenti a shafe ta gaba ɗaya. Inji ya yi tari, a sauke a ɗora na Beljiyam. Motar Baba sau biyu aka sake mata fenti, kuma da hannuna na taya cire rediyonta na asali.

Ga mai son saye daga nan, ina ba da shawarar a yi hattara. Shafin ba ya tsaya wa lafiyar mota, mai haɗa ciniki ne kawai, don haka dole ka sami wanda zai je ya duba da idonsa. Kana buƙatar katin banki da zai ɗauki la'adar nan take. In ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala, sannan ka tuna ramukan hanyarmu da ƙarancin kayan gyara, ba na ganin riba ga dillali irina. Ni ban taɓa taya ko ɗaya ba. Amfanin da nake samu shi ne rumbun tsofaffin cinikinsu, wanda kowa zai iya dubawa kyauta, ya ga nawa kowace mota ta tashi da abin da ya ɗaga ta ko ya karya ta.

Watan jiya wani dattijo ya kawo mini Marsandi 300E ɗinsa in sayar masa, yana cewa bari ya fara kai ta a yi mata sabon fenti. Na ce, "Alhaji, don Allah a bar ta haka." Na buɗe akwatin gaban, na tarar da littafinta da tambarin garejin Jamus a ciki. Na sa shi a leda, na ɗauki hotonsa shafi-shafi kafin in ɗauki hoton motar.