Wane kofin gilashi ya kamata ka saya a Yamai?

Kafin ka shiga Babbar Kasuwa ko Wadata, fara sanin abin da za a sha a kofin. Na zoɓo da ƙanƙara daban, na shayin fada daban.

Mai araha, wanda ake jerawa dozin-dozin a kwali, gilashi ne na gama-gari. Yana da kyan gani, kuma in ruwan sanyi ko lemo za a ba baƙi, ya wadatar. Zafi ne ba ya so. In aka zuba masa tafasasshen shayi, cikinsa ya buɗe, bayansa bai ɗau zafi ba tukuna, sai ka ji ƙas, ya tsage. Kauri ba ya hana wannan, yakan ma ƙara shi. In kuma ya faɗi, tsini yake fashewa, ga yara suna yawo a tsakar gida ba takalmi.

Shi ya sa ni na fi son gasasshen gilashi, irin na Duralex da ake yi kusa da Orléans a Faransa tun 1945. Ana gasa shi ne da wuta mai tsanani, sannan a huce shi nan take da iska, sai fatarsa ta yi tauri. Mai shayi zai ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya juye daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, na fari, na biyu, na uku, kofin bai ce komai ba. Ran da ya fashe kuwa, rugurgujewa yake ƙanana-ƙanana marasa kaifi sosai. Kuɗinsa ya fi, amma a gidan da ake ɗora gawayi kullum, shi ne mai sauƙi.

Kiristal mai walƙiya, wanda ke ƙara in an ƙwanƙwasa, na adon kabad ɗin amarya ne. Na gargajiyar akwai dalma a jikinsa, don haka kada a bar abu mai tsami ya kwana a ciki.

A gaban mai shago, kada ka ji kunya. Kife kofin ka duba tambarin da ke gindinsa, domin jabu ya yi yawa. Zagaya bakinsa da ɗan yatsa ko akwai ɓalli. Ɗaga shi ga haske. Aza shi bisa tire ka gani ko yana rawa. Sannan a buɗe kwalin duka a gabanka, ba na sama kaɗai ba.

Ƙananan yara dai, a bar musu na silba.