Garin zogale na leda: yadda za ka gane mai kyau kafin ka biya

A da, zogale a Kano abin kwaɗo ne, a dafa ganyen a kwaɓa da ƙuli-ƙuli da albasa. Yanzu ya shiga leda da robobi masu murfi, an liƙa musu takarda, kuma mata ne suka fi riƙe sana'ar. A cikin gida suke dakawa, su tallata a WhatsApp, wasu har kayansu sun kai kantunan Zoo Road. Abin a yaba ne matar da ba ta zuwa kasuwa ta samu jari daga bishiyar da ke bayan ɗakinta. Sai dai kayan ba duka suka zama ɗaya ba.

Launi ake fara dubawa. Gari mai kyau kore ne shar, yana ƙamshin ɗanyen ganye. In ka ga ya koma ruwan ƙasa ko ya yi fatsi-fatsi, a rana aka shanya shi, rana kuwa tana cinye sinadarin bitamin A, wanda yana cikin abin da ake sayen zogalen dominsa. Masu yi da kyau suna wanke ganyen, su tsige shi daga tsinkensa, su baza shi sama-sama a kan tsaftataccen ƙyalle a ɗaki mai iska, suna juyawa har ya riƙa karyewa a hannu. Da hunturu kwana 3 zuwa 4 sun isa. Na damina shi ne abin tsoro, domin in aka ɗaure leda ganyen bai gama bushewa ba, sai ya dunƙule ya yi fumfuna. Irin wannan zubarwa ake yi, tankaɗe ba ya gyara shi.

Sai ka murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu. Ka ji tsaki-tsaki, tsinke aka daka da shi don ya yi auki, ko kuma yashi ya shiga wajen shanya. A nan na leda ya fi na kwano da ake aunawa a buɗe a Kasuwar Rimi, inda ƙura ke sauka a kai yini guda. Leda mai duhu ta fi mai garai-garai, saboda haske.

Wajen sha, a fara da rabin ƙaramin cokali a rana, bayan mako a kai ƙaramin cokali 1. Wanda ya yi gaggawa ya zuba babban cokali, cikinsa na iya saki. A kunu ko miya, bayan an sauke ake zubawa. A matsa lemun tsami, yana taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, shayi kuwa rage ɗaukarsa yake yi.

Inda sana'ar ta gaza shi ne rubutun jikin leda. Wasu su jera ciwon suga, hawan jini, basir, har da rashin haihuwa. Zogale abinci ne mai gina jiki, ba ya maye gurbin maganin asibiti. Mai shan maganin suga ya tambayi likitansa tukuna, don sugan na iya sauka fiye da kima. Mai ciki ta nisanci saiwa da ɓawon bishiyar. A duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar haɗawa, in babu kwanan wata a jiki, a mayar wa mai kanti kayansa.