Biyan kaɗan-kaɗan a wajen dila ko murabahar banki?

Malam, tsakanin biyan kaɗan-kaɗan da dilan ya yi maka tayi a kan Corollar nan da kuma bi ta murabahar banki, wato banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da aka tsayar tun farko kana biya a hankali, ka bi ta banki. Duka biyun na taɓa su da aljihuna, kuma ɗaya ce kawai zan iya sake yi.

Corolla 2008 da nake hawa yanzu ta murabaha na saye ta a 2022. Abin da ya fi yi mini daɗi a cinikin shi ne yadda na shiga filin motocin nan a matsayin mai kuɗi a hannu, domin bankin zai biya dila kuɗinsa cif a rana ɗaya. Ban ce masa komai game da banki ba sai da muka daidaita farashi. Ya sa mata miliyan 4.6, na taya miliyan 3.6, ya ce albarka har da dariya. Bakanikena ya shiga ƙarƙashinta ya fito da lissafi: tayoyi biyu sun gama aiki, shokobzoba na gaba na yoyo, batir ya kusa. Kowane ɗaya muka sa masa kuɗi muka cire a gaban dilan. Da ya tsaya a miliyan 4.3 na yi masa sallama na tafi gida. Kwana biyu bayan nan, ana fitowa daga la'asar, shi da kansa ya kira ya ce, “Alhaji, dawo ka kawo huɗu, na sallama.” Sannan ne na ce ya rubuta mini takardar farashi da sunan kamfaninsa da lambar shasi, zan kai banki.

Lissafin bankin kuwa a fili yake. Na zuba miliyan 1.2 nawa, suka cika miliyan 2.8, suka sayi motar ta zama tasu, sannan suka sayar mini da ita da ribar dubu 800 a kai. Miliyan 3.6 ke nan cikin wata 24, dubu 150 duk wata daga albashi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin komai ya tashi, motoci irin tawa suka ninka a kasuwa, amma dubu 150 ɗina ba ta motsa ba ko da kwabo. Ranar da na biya na ƙarshe na ɗauki mahaifiyata a cikinta muka je Zariya gaishe da ƙanwarta, tana ta shafa kujera tana sa albarka. Har gobe idan na tuna ina jin daɗi.

Kada ka ɗauka araha ce. Ribar da bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa suke ɗorawa ba ƙarama ba ce, su ma kasuwa suke kallo, kuma tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024 babu wani bashi mai sauƙi a ƙasar nan. Za su nemi albashinka ya riƙa shiga ta wajensu, ko ka nuna shigar kuɗin kasuwancinka na watanni, su nemi kason da za ka fara zubawa, takardu kuma su ci maka makonni. Akwai inshorar da ta rufe motar gaba ɗaya, wadda tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ce kada ta gaza kashi 5 na darajar mota, to ka sa ta a lissafi duk shekara, ka kuma nemi ta takaful, wato inshorar Musulunci. Ka zagaya bankin Jaiz, wanda ya fara aiki tun 2012, da TAJ da Lotus, ka tambayi kowanne abu biyu: shekarun motar da suke yarda su saya, da jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe a rubuce. Wannan jimillar ita za ka kwatanta. Idan kuma wajen aikinku akwai ƙungiyar kwafaretib mai sayen kaya ta sayar wa mambobi, fara da ita, sau da yawa ta fi banki sassauci.

Wani abu da mutane ke kuskurewa: kada ka riga ka biya dila kafin alƙalami da sunan ka saya, sannan ka je banki neman ciko. A murabaha sai bankin ya mallaki motar tukuna yake sayar maka. Idan ka riga ka ƙulla ciniki da dila ka ɓata tsarin, abin ya koma bashin kuɗi da ƙari, wanda shi ake gudu tun farko. Ka daidaita farashi, ka karɓi takarda, ka bar bankin ya saya.

Na wajen dila kuwa, alherinsa ɗaya ne: yau ka zo, yau ka tafi da mota, ba mai tambayarka takardar albashi. Shi ke nan. A 2018 na karɓi Honda EOD haka, motar miliyan 1.5 ta koma 2.1 cikin wata goma, takardun asali da makulli na biyu suna hannunsa, kuma da albashi ya yi jinkiri a wata na bakwai sai da ya ɗora mini tara ya kuma turo yara ƙofar gidana. Malamai da yawa sun halatta farashin ajali ya fi na hannu idan an tsayar da guda ɗaya tun farko, amma wannan ƙarin na jinkiri ban san da wane suna za a kira shi ba in ba riba ba. Kuma duk lokacin da mai sayarwa ya zama shi ne mai ba ka bashi, bakinka ya mutu a wajen tayi. Zai daina maganar kuɗin mota ya koma tambayar “nawa za ka iya duk wata?”, daga nan kuwa shi yake jan akalar cinikin.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin ko ta wace hanya ka bi, banki ba zai duba maka inji ba. Akwai dilolin kirki masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda za su wanke motar da aka gama yi wa hawan ƙawara a nan gida, su cire lamba, su sa mata leda a kujera su ce yanzu ta sauka daga jirgin ruwa. Mitar tafiya mayar da ita baya ake yi, saboda haka ka dubi sitiyari da fedar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Idan motar daga Amurka take, ka sa a bincika maka tarihinta a intanet da wannan lambar, za ka ga ko gwanjon motocin haɗari aka sayo ta ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da busasshen laka. Ka sa a jona mata kwamfuta, domin wasu cire ƙwan fitilar gargaɗin inji suke yi. Ka ce bakanike ya duba ko “indomi”, wato matatar hayaƙi, na nan a salansa, don ana yanke shi a sayar daban, kai kuma ka yi ta fama da shan mai. Ka je da safe ka tayar da ita injin na sanyi. Idan ka tarar an riga an ɗumama ta kafin ka iso, ka tambayi dalili.

Takardar kwastam ita ce babba. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma har yau akwai motoci 'yan Kwatano da ke yawo da takardun jabu ko na wata motar daban. Kada ka yarda da hoton takarda. Ka ɗauki ta asali ka je ofishin kwastam a tantance ta da lambar shasin da ke jikin motar kafin kowa ya biya sisi, in ba haka ba wata rana a hanyar Kaduna ko Legas za a sauke ka da iyalinka a gefen titi.

Bakanike kuma ka zo da naka daga unguwarku, ka biya shi kuɗin wuninsa da hannunka, kada ka bar shi ya keɓe da dila, don ana ba su la'ada a bayan fage su ce mota lafiya lau. Dillalin da ya kai ka ma ku yanke la'adarsa tun kafin a fara tayi, a san wa zai biya.

Saboda haka gobe ka koma wajen dilan ka ce ka fasa biyan kaɗan-kaɗan, ya faɗa maka kuɗinta hannu da hannu. Duk abin da ya faɗa ka taya ƙasa sosai, ka bar masa lambarka ka tafi. Idan bankin bai amince da kai ba, ka riƙe abin da ka tara, ka ƙara da adashi na wasu watanni ka sayi ƙarama wadda kuɗinka ya kai, ko Pontiac Vibe ce ko tsohuwar Corolla 2005, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano cike take da kayan gyaransu.