Filtar ruwa mai kyandir: abin da na gani bayan bazara da damina sun bi ta kanta

Masu tambayata kan filtar nan ta silba da muka aje a gida, ga amsa a dunƙule: tana aiki, amma ba kamar yadda mai shago ya yi ta zuzuta ta ba, kuma in ke mai gaggawa ce to ki nemo haƙuri ki ƙara. Da gangan na bari sai da ta ga zafin Afrilu ta ga damina kafin in ce komai, don ruwan garin nan na rani daban na damina daban.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, tukwane biyu ne na silba ɗaya bisa ɗaya. Ta sama ita ake zuba ma ruwa, cikinta akwai wasu farare guda biyu a tsaye da ake ce ma kyandir, yumɓu ne gasasshe, ruwa na tsattsafowa ta jikinsu yana ɗiga a tukunyar ƙasa, ita kuma ta ƙasan tana da ɗan pampo a gindi. Ba ruwanta da kuran, ba batir ba gas. Maigida ya sayo ta a babbar kasuwa jika 25 bayan dogon ciniki, mai shagon ya ce ta Jibiya da Ɗan Isa kayan ke shigowa, don haka kar wata ta riƙe ni da farashi, yau naira ta hau gobe ta sauka.

Mu a unguwar Zariya ta Maraɗi muke, kuma duk wanda ke unguwar ya san in zafi ya tsananta pampo sai tsakar dare yake tunawa da mutane, in ya dawo bayan ɗaukewa ruwan farko ja yake zuwa. Sauran ranaku kuwa 'yan ga-ruwa ne da bido, Allah ya saka masu da alheri don ba don su ba da mun sha wuya, amma gaskiya ba ki san inda aka ɗebo ba, ba ki san me aka taɓa zubawa a bidon ba, kuma rabon a wanke cikinsa sai Allah. Ga shi ba mu manta 2018 ba da kwalara ta ɓarke daga wajen Madarunfa ta shigo gari, 2021 ta sake dawowa. Wanda ya ga yadda zawo da amai ke tsotse babban mutum cikin yini ɗaya ba sai an yi masa wa'azin ruwa ba.

Wajen tace dauɗa kam ban da abin cewa. Ruwan da kika zuba yana da duhu-duhu zai fito garau, kuma shaidar tana jikin kyandir ɗin. In na buɗe don wanki sai in tarar farin nan ya koma ruwan ƙasa, da wani yauƙi-yauƙi mai santsi a jiki, in na goga da soso sai ruwan kwanon ya koma kalar kunun kanwa. Na kira maigida na nuna masa na ce Malam ka ga abin da da cikin yaran nan zai tafi, shiru ya yi, daga ranar bai ƙara yi mani mitar jika 25 ba. Wankin da ruwa zalla ne da sabon soso mai laushi da aka ware masa, ba sabulu ba Omo, don yumɓun na shanye su. A riƙe shi a hankali kuma, in ya tsage ko da siririn layi ne ya tashi aiki, ruwa zai bi ta tsagar ya wuce da duk abin da ke cikinsa. Alamar ita ce ki ga tukunyar ƙasa ta cika da wuri fiye da yadda ta saba, wannan ba abin murna ba ne.

Rashin saurinta shi ne babban aibinta. Kyandir ɗaya in yana sabo wajen lita guda yake bayarwa a awa, in ya fara toshewa ko rabin haka ba ya yi, a damina kuwa da ruwa ke da laka sai ki yi ta wanki. Gida mai mutum takwas kamar namu dole a cika ta da dare kafin a kwanta, a ƙara da safe, a ƙara da la'asar, ranar da aka manta to yara na dawowa daga lakwal za su murɗa pampo su ji iska. Dabarar da ta rage mani wahala ita ce in bar ruwan bido ya kwana ya kwanta, in tsiyaye na sama ta farin ƙyalle sannan in zuba. Ruwan sha kawai take iya ɗauka, na girki da wanke-wanke ki manta.

Amma abin da ni na fi yabawa a jikinta ɗan pampon nan ne, fiye ma da kyandir ɗin. Ku duba yadda muke da randa. Moɗa ɗaya, yaro ya fito daga bayi ya tsoma ta har wuyan hannu, wani ya sha ya maida sauran ciki, ta faɗi ƙasa a kaɗe ta a zani a mayar bisa faifai, kaji ma na da rabonsu. Ko ruwan Zamzam kika zuba a randar nan kafin azahar ya zama wani abu. Ita wannan a rufe take, ba hannun da ke shiga, kowa ya tara kofinsa ya murɗa. Ina kyautata zaton rabin saukin ciwon cikin da muka gani a wajen yara daga nan yake, ban ce sun daina zawo kwata-kwata ba, yaran da ke cin mangwaro ba wanki suna sayen alawar bakin titi, amma jelen farmasi ya ragu sosai.

Inda aka yi rigima shi ne sanyi. Silba a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ruwan fitowa yake da ɗumi kamar na alwalar hunturu. Inna, uwar maigida, ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin ta ce "ɗiyata, wannan ruwan jego ne, a ba ni na randata, shekara saba'in ina sha bai kashe ni ba." Kuma tana da gaskiyarta ta wani gefen, ruwan da ba ya da daɗi mutane ba sa shan isasshe, a zafin nan kuwa ƙarancin shan ma ciwo ne. Sulhun da muka yi, na samo tulu mai ƙaramin baki wanda moɗa ba ta shiga, ana tara tataccen a ciki a rufe a aje bisa jiƙaƙƙen rairayi, mai so ya tsiyaya. Ita kuma filtar na naɗe mata tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen buhun algarara na kai ta inuwa inda iska ke bi. Ba firigo ba ne amma ana sha. Sai dai ku lura da ƙanƙarar da ake sayowa a leda a fasa a jefa cikin ruwan, in ba ki san ruwan da aka daskarar ba duk tacewar ta tashi a banza, gara ki tsoma ledar a rufe a kwano ki sa gorar ruwanki a gefe.

Mai shago ya ce mana tana kashe kowace irin cuta, wannan kam cika baki ne. Yumɓun na tare laka da ƙwan tsutsa da mafi yawan ƙwayoyin bakteriya, amma akwai ƙwayoyin birus irin masu kawo shawara da suka fi ƙofofinsa ƙanƙanta. Don haka in aka ce ana zawo da amai a unguwa ba na dogara da ita kaɗai, ko in tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko in jefa Aquatabs, ƙwayar nan ta kashe cutar ruwa, a bido in jira minti 30 sannan in zuba, a dai karanta takardar don ƙwayar girma-girma ce. Abin da ya narke a ruwa kuma sam ba ta taɓa shi. Mu mutanen nan mun san labarin Tibiri, inda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuliyo ya ɓata haƙoran yara ya lanƙwasa masu ƙafafu, ruwan nan garau yake a ido. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar ya wuce miligiram 1.5 a lita, kuma irin wannan filtar ba ta rage shi, tafasawa ma ba ta yi. In haƙoran yaran unguwarku na yin ja-ja, ruwan za a kai a auna, kyandir ba zai yi maganin wannan ba.

Wajen yawan sha kuma ta taimaka ta hanyar da ban zata ba, yara son murɗa pampon suke, sai ga shi suna ta kai-kawo da kofi. Kowa na cika masa gora ya tafi lakwal da ita, kuɗin piya wata dala biyar-biyar da ke zurarewa kullum sun tsaya. Maigida da ke yini bisa moto shi ne mai taurin kai, shayi uku ya fi masa ruwa, sai da na ce ya riƙa duba fitsarinsa, in ya yi duhu kamar shayin to jiki na kuka, in fari-fari ne an sha daidai. Azumin nan da ya faɗo a Maris ma haka muka yi, kaɗan-kaɗan daga buɗa baki zuwa sahur, maimakon a ɗura lita guda a tashi ɗaya ciki ya kumbura a kasa tarawi. Jaririya kuwa ko tataccen ba ta samu ba sai da ta cika wata 6, nono kawai, duk da Inna ta yi ta cewa ana azabtar da baiwar Allah da ƙishi. In zawo ya kama yaro da ruwan filtar nake haɗa SRO, garin gishiri da sukari na masu zawo, leda guda a lita ɗaya, in babu a gida cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya, sannan a wuce likita.

Wadda za ta saya, ta sa a zuba ruwa a gwada pampon a gaban mai shago don robar da ke riƙe shi ba ta da ƙwari, namu ya fara ɗiga sai da aka canza ta. A duba kyandir a hasken rana ko akwai tsaga, a zubar da ruwan cikawar farko da ta biyu don yana ɗanɗanon alli. Kuma ki sayi kyandir na ajiya tun ranar, don yana sirancewa da yawan guga, kuma da muka koma neman wani sai da aka zaga shago-shago kafin a samu mai bakin da ya yi daidai da tamu.