Na ga Karnak, amma kamfanin da ya kai mu ya cinye mana safiya

Jinyar gwiwar Hajiyarmu ce ta kai ni Alƙahira a watan Afrilu, ba yawon buɗe ido ba. Bayan an yi aiki likita ya ce sai mun ƙara mako biyu. Ƙanwata na tare da ita, ni kuwa zaman otal ya ishe ni. Ɗan yayata da ke karatu a Azhar ne ya ce, "Kawu, ka zo Masar ka koma Zariya ba ka ga Luksor ba? Ai sai a yi maka dariya a majalisa." Shi ya samo wani kamfanin kai baƙi, muka biya kuɗin jirgin ƙasa, mota, ɗan jagora da abincin rana. Ba zan kama sunansu ba, amma zan faɗi yadda muka yi da su.

Jirgin ƙasan dare ne, wajen awa 10, don tafiyar ta haura kilomita 600 zuwa kudu. Ɗakin kwanan ba laifi, zanin gado wankakke, shayi da zafinsa. Nan na ba su makinsu.

Matsalar daga tasha ta fara. Mun sauka da sassafe, iska na kaɗawa, lokacin da ya kamata a wuce da mu Karnak, tsohon haikalin fir'aunoni da ke Luksor, kai tsaye. Sai direba ya ratse da mu wani shagon sassaƙa kofuna da tuluna na farin dutse, wai mu ga yadda ake aikin hannu. Aka kawo mana zoɓo, aka zauna yi mana daɗin baki. Wanda ya taso yana shiga kasuwar Sabon Gari ba a yi masa wannan wayon. Tun daga gaisuwar direba da mai shago na san akwai la'ada a tsakani. Awa ɗaya da rabi muka ɓata. Da muka isa tagar tikiti kuma sai ga wata: kuɗin shiga ba ya cikin abin da muka biya, kuma ba a karɓar tsaba, sai kati. Katina na naira ya ƙi. Da ba don yaron nan yana da na bankin can ba, da a bakin ƙofa zan ƙare.

To, amma da na shiga sai fushin ya kwanta.

Da farko za ka bi ta tsakanin jerin gumaka masu jikin zaki da kan rago, dama da hagu. Kana wuce ƙatuwar ƙofa da fili sai ka faɗa zauren ginshiƙai. Guda 134 ne, 12 na tsakiya kowanne tsayinsa ya kai mita 21. Ni da ɗan yayata da ɗan jagora muka riƙe hannu don mu zagaye ɗaya, ko rabi ba mu kai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba girman ba ne. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi, sai na hango a ƙasan duwatsun da aka gicciya a sama akwai sauran fenti, shuɗi da rawaya da ja, wanda rana ba ta kai gare shi ba. Aikin zamanin Seti na ɗaya da ɗansa Ramsis na biyu, fiye da shekara 3,000 ke nan. Ni da nake sake fentin shagona na Tudun Wada duk bayan damina biyu, sai na yi shiru.

Ɗan jagoran, gaskiya, ya san aikinsa, kuma shi ne abu mafi kyau da kamfanin ya ba mu. Da ya ga ina tsintar Larabci sai ya riƙa haɗa mini da Turanci a hankali. Ya nuna mana yadda ake gane sunan sarki a rubutun bango, a cikin wani zobe mai tsawo, ya ce sai a 1822 wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya gano yadda ake karanta rubutun. Ya bayyana cewa ba sarki ɗaya ya gina Karnak ba, fir'aunoni kusan 30 ne kowa ya zo ya ƙara nasa, a tsawon shekara kusan 2,000, galibi don abin bautarsu Amun. A gindin hasumiyar sarauniya Hatshefsut, dutse guda tilo mai kusan mita 30 da aka yanko daga Aswan aka kawo ta Kogin Nilu, na ce masa mu ma muna da sarauniya, Amina, ganuwarta ce ta yi suna. Ya tambaye ni da me aka gina. Na ce da ƙasa. Ya ce, "To ku ruwan sama ne abokin gabarku, mu ba mu da shi." Na tuna yadda ganuwar take zaizayewa ta wajen Ƙofar Doka, ban ba shi amsa ba.

Kusa da tafkin da bokayensu ke wanka akwai gunkin buzuzu a kan dutse, Turawa na ta zagaya shi wai neman sa'a. Ya ce ko za mu gwada. Na ce a kai kasuwa, mu kallo muka zo.

Kafin sha biyu rana ta buɗe. Bazazzagi yana ganin ya san zafin bazara, amma na can daban ne, dutse ke mayar maka da shi ta ƙasa. Ga masu gadi da ke yafito ka su nuna maka wani lungu sannan su miƙa hannu a ba su bakshish. Awa biyu cak aka ce mu fito, abinci na jira. Ko kashi ɗaya cikin uku ban gani ba. Abincin kuma shinkafa ce da kaza mai sanyi.

Da yamma muka sallami motar, muka je haikalin Luksor da ƙafarmu. Hanyar gumaka mai kilomita 2.7 ce ta haɗa shi da Karnak, an sake buɗe ta a 2021. A bakin ƙofa hasumiya ɗaya ce tsaye, 'yar'uwarta tana tsaye a Faris tun 1836. A cikin haikalin akwai masallacin Abul Hajjaj, an ɗora shi a kan tsohon ginin lokacin da ƙasa ta binne wurin, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take can sama kamar taga. Nan muka yi Magariba, ginshiƙan fir'auna na cikin bangon masallaci.

Wurin, biyar bisa biyar. Ɗan jagora huɗu. Kamfanin biyu, kuma da ƙyar. Mai niyyar zuwa ya sayi tikitin jirginsa da kansa, ya nemi ɗan jagora shi kaɗai, ya kasance a ƙofar Karnak da ƙarfe shida, da katin da ke aiki a waje da ruwa gora biyu. Kofin dutsen da aka lallaɓe ni na saya wa Hajiya kuwa, muna sauka Kano na buɗe jaka na tarar ya rabe biyu.