Gilashin FPV na jirgi mara matuƙi: wanne za ka saya, DJI ko analog ko sauran?

Ɗan uwa idan kana shirin sayen gilashin nan da ake sakawa a fuska a tuƙa jirgi mara matuƙi kamar kana zaune a cikinsa, wanda ake kira FPV, toh ka dakata da kallon gilashin tukuna ka fara duba jirginka. Nan ne mutane ke asarar kuɗi wallahi. Gilashin DJI ba ya kama hoton Walksnail, na Walksnail ba ya kama na HDZero, kowane kamfani da irin siginarsa, kuma ko a cikin DJI ɗin ma ba kowane gilashi ke aiki da kowane jirgi ba. Sai mutum ya tara kuɗi ya yi oda, kaya ya yi makonni a hanya, ya iso ya ƙi haɗuwa da jirgin, ga shi mayarwa China ba ƙaramin aiki ba ne.

Tsari huɗu ne a kasuwa: analog, DJI, Walksnail da HDZero.

Analog shi ne tsohon hannu, yana aiki a kan 5.8GHz kuma hotonsa irin na tsohuwar talabijin ne mai eriya, in sigina ta fara rauni sai ka ga yashi-yashi yana ƙaruwa a hankali amma kana dai ganin hanya, kaga kana da damar juyowa kafin hoto ya ɗauke gaba ɗaya. Ga arha, ga shi kyamarar wannan kamfani tana aiki da gilashin wancan ba rigima. Eachine EV800D mai kamar akwati a kusa da dala 100 ake samunsa, in kana son mai kyau sosai akwai Skyzone SKY04X mai sikirin OLED ko Fat Shark. Matsalar kawai hoton ba shi da tsabta, wayar wuta ko siririn reshe ba lallai ka gani ba sai ka zo dab da shi, kuma a unguwanninmu ai kasan yadda wayoyi suke a sama. Hoton analog ba wanda za ka ba kwastoma ba ne, shi ya sa masu amfani da shi suke ɗaura kyamarar GoPro a saman jirgin ta riƙa ɗaukar na aiki daban.

DJI suka canza harkar a 2019 da suka fito da tsarinsu na dijital, daga nan aka samu Goggles V2 a 2021, Goggles 2 tare da jirgin Avata a 2022, Integra a 2023, sai Goggles 3 da Avata 2 a 2024, a ƙarshen shekarar kuma Goggles N3. A yau Goggles 3 da N3 su ne abin dubawa. Goggles 3 ya fito a dala 499, sikirin biyu ne micro OLED kowane ido da nasa, launi ya fita baƙi ya yi baƙi, ba shi da nauyi a fuska, kuma akwai abin murɗawa da za ka daidaita shi da ƙarfin idonka daga -6 zuwa +2, har da ƙananan kyamarori a gaba da za ka leƙa abin da ke gabanka ba tare da ka cire shi ba. N3 kuma ya fito a dala 229, sikirin LCD guda ɗaya, ya fi girma, babu abin murɗawa amma an yi shi da faɗi yadda mai tabarau na likita zai saka nasa a ciki. Dukkansu batir ɗin a bayan maɗaurin kai yake, kusan awa uku yake yi, babu waya tana reto zuwa aljihu kamar Goggles 2.

Inda za ka kula shi ne N3 an yi shi ne don jiragen Neo da Avata 2, sai O4 Air Unit, wato kyamara da abin tura hoto na DJI, da ya fito a farkon 2025 na masu haɗa jirgi da hannunsu. Idan jirgin Mini 4 Pro ko Air 3 kake da shi, wanda da yawan masu ɗaukar biki su suke riƙewa, toh Goggles 3 ne naka. Dan Allah kafin ka biya ka shiga shafin DJI ka duba jerin jiragen da gilashin ke karɓa, kar ka tsaya a kan maganar mai shago kawai, domin shi ma wani lokacin bai gwada ba.

Akwai maganar jinkiri, wato ɗan lokacin da hoto ke ɗauka daga kyamara zuwa idonka. Na DJI idan wani yanki na hoto ya ɓace a iska sai ya sake turo shi, shi ya sa hoton ke da kyau haka, amma in sigina ta yi rauni jinkirin sai ya ƙaru, hoto ya yi dishi-dishi ko ya tsaya cak na ɗan lokaci, alhali jirgi bai tsaya ba yana ta tafiya. HDZero ba ya sake turowa, abin da ya ɓace ya ɓace, za ka ga ɗigo-ɗigo a hoton amma jinkirin ba ya canzawa, dalilin da ya sa ’yan tsere suke sonsa kenan. Ga mai ɗaukar gona ko gini ko jerin gwanon motocin amarya wannan bambancin ba zai dame shi ba, gaskiya ban ga dalilin da zai sa ya bi HDZero ba. Walksnail na kamfanin Caddx yana tsakiya, hoto kusa da na DJI, yana da ƙananan na’urori marasa nauyi na ƙananan jirage, kuma Goggles X ɗinsu yana da ramin HDMI da za ka jona da kwamfuta ka yi atisaye a simuleta, wato manhajar koyon tuƙi, irin Liftoff ko VelociDrone, abin da gilasan DJI da na ambata ba su da shi.

Ni a ganina mai neman kuɗi da kyamara ya sayi DJI ya huta, in aljihu bai kai ba N3 da Avata 2 sun isa aiki, kuɗin da ya rage a ƙara batira da farfela. Wanda kuma yake son koyon haɗa jirgi da solda da tuƙi da hannu zalla, ya san zai faɗi ya fasa sau da yawa, ya fara da analog mai arha, domin kyamara da abin tura hoto na analog in sun lalace canjinsu ba ya tada hankali, na dijital kuwa faɗuwa ɗaya tana iya cinye sama da dala 100.

In na hannu za ka saya ka saka shi a fuska ka kalli farin hoto da baƙi, ka nemi tabo a sikirin. Madubin ciki yana tara hasken rana waje ɗaya ya ƙona sikirin cikin ƙanƙanin lokaci, kuma tabon ba ya gyaruwa sai an canza, don haka naka ma kar ka taɓa ajiye shi a kan mota fuskarsa na kallon sama, da ka cire ka jefa a jaka. Ka duba soson da ke taɓa fuska ko gumi ya cinye shi, ka saurari fankar ciki tana juyawa sbd in babu ita zufa za ta sa madubi ya yi hazo, lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta nan. Ka daɗe da shi a kai kamar minti goma, wasu jiri yake sa su, wasu kuma idonsu ba ya haɗa hoton sikirin biyu sai sun gyara tazarar madubin, irin waɗannan mai sikirin ɗaya ya fi musu sauƙi.

Sannan takardu. A Najeriya hukumar sufurin jiragen sama NCAA ce ke kula da tashin waɗannan jirage, shigo da su kuma yana buƙatar takardar End User Certificate daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, in ba haka ba kaya na iya maƙalewa a hannun kwastam. A farkon 2025 sojojin Operation Hadin Kai sun hana tashinsu a Borno, Yobe da Adamawa. Kuma da zarar gilashi ya rufe maka fuska ba ka ganin yaron da ya matso ko babur da ke tahowa, saboda haka ka sa kuɗin mutum ɗaya a lissafinka da zai tsaya kusa da kai yana bin jirgin da ido yana faɗa maka abin da ke kewaye, musamman a wajen taro.